Yadda ake ɗaukar hoto a tsohuwar makabartar da daji ya cinye

A manyan birane da dama na duniya akwai makabartun da aka daina kula da su shekara hamsin ko fiye, har itatuwa suka tsiro a tsakanin kaburbura, tsirrai masu yaɗo suka lulluɓe duwatsun, tsuntsaye da ƙananan dabbobi suka tare a ciki. Mai ɗaukar hoto da ya shiga irin wannan wuri karo na farko yakan rikice. Ko'ina ya juya abin ɗauka ne, sai ya yi ta latsawa, ya koma gida da hoto ɗari uku, ya duba ya ga duk kore ne da duhu, babu guda da ya kama ido. Ni ma haka ta faru da ni. Abin da na gane daga baya shi ne hoton da ake nema a nan guda ɗaya ne: inda aikin hannun mutum da abu mai rai suka haɗu a fuska ɗaya, kamar tsuntsu a kan sunan mamaci, ko saiwar itace da ta rungume dutse. Shi kuwa irin wannan hoto zama ake yi a jira shi, kuma ba a taɓa komai don a same shi.

Fara da sanin labarin wurin

Kafin ka ɗauki jaka, ka san yadda aka yi wurin ya zama haka, domin labarin ne zai gaya maka inda za ka nufa. A farkon ƙarni na 19 biranen Turai sun cika sun batse, harabar coci-coci ta kasa ɗaukar gawawwaki. Faransa ce ta fara buɗe babbar makabarta mai kama da lambu a wajen gari, wato Père Lachaise ta birnin Paris, a 1804. Amurka ta bi sahu da Mount Auburn kusa da Boston a 1831. A Landan, inda jama'a suka haura daga kimanin miliyan ɗaya a 1801 zuwa fiye da miliyan biyu a 1851, an buɗe manyan makabartu bakwai a kewayen birnin daga 1833 zuwa 1841: Kensal Green, West Norwood, Highgate, Abney Park, Nunhead, Brompton da Tower Hamlets. Kamfanoni ne suka kafa su don neman riba. Matsalar wannan kasuwanci ita ce sau ɗaya ake sayar da kabari, amma kula da shi ba ya ƙarewa. Da filaye suka cika, ƙona gawa ya yawaita, yaƙe-yaƙen duniya biyu suka ɗebe ma'aikata, sai kuɗi ya yanke. An daina binnewa a Tower Hamlets a 1966. Nunhead an rufe ƙofarta an watsar a ƙarshen shekarun 1960, har ƙaramar hukumar Southwark ta saye ta a kan fam ɗaya tak a shekarun 1970. Highgate, inda kabarin Karl Marx yake, wata ƙungiyar 'yan sa-kai da aka kafa a 1975 ce ta ceto ta.

Amfanin wannan a wurinka shi ne: a irin waɗannan wurare itatuwa iri biyu ne. Akwai tsofaffi da aka dasa da gangan tun farko, manya, a bakin manyan hanyoyi, su ne ke da kogunan da mujiya da jemage ke kwana. Akwai kuma siraran da suka tsiro da kansu bayan an watsar da wurin, su ne suka yi cunkoso suka tare haske. Ka nemi taswirar makabartar, galibi hukumar da ke kula da ita ko ƙungiyar 'yan sa-kai tana da ita a intanet ko a bakin ƙofa. Ka lura da ɓangaren da ya fi tsufa, da inda har yanzu ake binnewa, da inda aka killace. Sannan ka duba manhajar iNaturalist ko eBird, inda mutane ke shigar da halittun da suka ci karo da su, ka ga abin da wasu suka gani a wurin da watan da suka gan shi.

Ba Landan kaɗai ba ce. Weissensee ta Yahudawa a Berlin, wadda aka buɗe a 1880, tana da kaburbura fiye da 115,000, yawancinta ya koma kurmi. A babbar makabartar Vienna, wadda aka buɗe a 1874, barewa na kiwo a tsohon ɓangaren da ciyawa ta rufe, ga kuma hamsta na daji, wani ɗan dabba mai kama da ƙaramar gafiya mai kumatu, wanda a wasu wurare ya kusa ƙarewa. A Green-Wood ta Brooklyn a birnin New York, tsirya 'yan asalin Kudancin Amurka sun gina manyan sheƙuna a kan hasumiyar ƙofar shiga. A Kolkata ta Indiya akwai South Park Street, tun 1767, da dogayen hubbarori da gansakuka ta rine.

Izini da ladabi

Wannan gajere ne amma kada ka tsallake shi. Ka duba lokacin buɗewa da rufewa da dokar ɗaukar hoto. Wasu wuraren kyauta ne, wasu kamar Highgate ana biyan kuɗin shiga. Da yawa sun yarda da hoton sha'awa amma suna neman a rubuto musu idan na sayarwa ne, ko idan za a kafa ƙafar kyamara. Jirgi marar matuƙi kuwa ka bar shi a gida. Kowace makabarta da ƙa'idar mutanenta: a Weissensee ana son namiji ya rufe kansa, kuma ba a buɗewa ranar Asabar. Kada ka haura katanga ko ka bi ta ɓarauniyar hanya ko da ka ga wasu sun yi.

Komai tsufan wurin, akwai wanda kakansa ke kwance a nan. Idan ka hangi jana'iza ko mai ziyara, ka sauke kyamara ka canza hanya. Ba a zama a kan kabari, ba a jingina da dutse, ba a ɗora jaka a kai, ba a gyara furen da wani ya ajiye don hoto ya fito da kyau.

Kayan da za ka ɗauka

Mutane sukan fara da maganar kyamara, ni kuwa da takalmi nake farawa. Ka sa mai rufe idon sawu, mai gindi da ba ya santsi, da dogon wando da za ka cusa cikin safa, da riga mai dogon hannu. Launin ya zama na ƙasa ko kore mai duhu, kuma yadin kada ya zama mai ƙara idan ka motsa. Dabba ta fi tsoron sautin rigar leda fiye da launinta. Ka sa matsefata mai siririn baki a aljihu saboda kaska, da ruwan sha, da ƙaramar tocila.

Kyamara kuma, gilashi biyu, wato idon da ake ɗaura mata a gaba, sun isa. Ɗaya na gama-gari, kamar mai milimita 24 zuwa 70, na hanyoyi da hubbarori da rubutu. Ɗaya dogo mai zuƙowa, aƙalla 300, in da hali 400, na tsuntsaye da dabbobi. In kana da na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa, ka ƙara shi, za ka gode wa kanka. Ƙafar kyamara tana da amfani ƙwarai a cikin duhun itatuwa idan an yarda da ita. Akwai wani tacin gilashi da ake kira folaraiza, wanda ke kashe ƙyallin jiƙaƙƙen ganye da na gogaggen dutse, launi ya fito sosai. Sai dai yana cin haske, don haka ka cire shi idan ka koma kan tsuntsaye. Ƙarin batir, ƙarin memori, da wani abu mai mayar da haske, ko da farin kwali ne ko ƙaramin madubi.

Wanda waya kawai yake da ita kada ya karaya. Waya ta iya duwatsu, rubutu, furanni da ƙwari sarai. Tsuntsu daga nesa ne take kasawa, kuma zuƙowa da yatsa ba abin da take ƙarawa sai lalata hoto.

Lokaci

An saba cewa asuba da gab da faɗuwar rana su ne lokacin hoto, kuma gaskiya ne, dabbobi ma a lokacin suke fitowa. Sai dai makabarta tana da ƙofa, yawanci ba a buɗe ta sai rana ta ɗaga. Dabarar ita ce a ƙasashen arewacin duniya ka yi amfani da gajerun ranakun Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da rana ke ƙasa-ƙasa kusan duk yini, kuma lokacin rufewa ya zo daf da faɗuwarta. A lokacin ganye ya zube, haske na isa ƙasa, duwatsun da suka ɓuya duk shekara su bayyana. Afrilu da Mayu na furanni ne da kukan tsuntsaye. A Mount Auburn masu kallon tsuntsaye kan yi dafifi a watan Mayu saboda ƙananan tsuntsaye masu ƙaura da ke yada zango a can. Yuli da Agusta su ne mafi wuya, ganye ya yi kauri, ciki ya yi duhu. Daga Satumba kuma laimar kwaɗi ke fitowa a kan ruɓaɓɓun kututture, raɓa ta kwanta a kan saƙar gizo.

Ranar da gari ya lumshe ta fi ranar da ake ƙwallawa. Hasken rana mai ratsa ganye yana zuba fari da baƙi ɗigo-ɗigo a kan komai, ido na iya jurewa, kyamara ba ta iyawa. Mafi kyau duka shi ne bayan an ɗauke ruwa, ko safiyar hazo.

Zagaye na farko: kyamara na cikin jaka

Ga abin da mutane ba sa so su ji. Zuwanka na farko, ko aƙalla awar farko, ka yi tafiya kawai. Ka bi babbar hanya har ƙarshe, ka dawo ta ƙanana, kana karanta alamu.

Alamar da ta fi kowace daraja ita ce farin kashin tsuntsu a kan wani dutse guda alhali na kusa da shi babu. Wannan dutse mazauni ne. Akwai tsuntsun da ke zuwa nan kullum ya yi kuka ko ya hangi ƙwari, kuma zai dawo. Ka yi masa alama a taswira. Idan ka ga tarin fasassun ɓawon dodon koɗi a gefen wani shimfiɗaɗɗen dutse, wani tsuntsu ne ya mayar da wurin maƙerarsa, a nan yake fasa su. A gindin manyan itatuwa masu duhun ganye ka nemi wasu ƙulle-ƙulle masu toka-toka kamar babban yatsa, cike da gashi da ƙananan ƙasusuwa: abin da mujiya ta amayo ne, tana sama. Siririyar hanya da ta shige ƙarƙashin ƙaya, wadda mutum ba zai iya bi ba, ta yanyawa ce, kuma yanyawa tana son ajiye kashinta a wuri mai tudu da kowa zai gani, sau da yawa a gefen kabari. Ramuka masu zagaye a jikin mataccen itace aikin maƙwaƙƙwafi ne.

Ka kuma lura da inda rana ke fara sauka. Dutse na riƙe zafi, shi ya sa ƙadangaru da malam-buɗe-littafi ke baje jiki a kan waɗanda suka fara ɗumi. Bakin kurmi, inda itatuwa suka haɗu da fili, ya fi tsakiyar duhu yawan rai nesa ba kusa ba.

A wannan zagaye ne kuma za ka ga haɗarin wurin. Tsohon kabari yana burmawa, ganye ya rufe ramin. Wasu hubbarorin suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa wanda rufinsa ya ruɓe. Dutsen da ya karkata na iya kai nauyin mutum uku ko huɗu, kuma ba abin da ya riƙe shi sai saiwa. A Birtaniya akwai cutar da ke kashe itacen ash, wadda aka tabbatar da shigarta a 2012, kuma shi ne ɗaya daga itatuwan da suka fi cika waɗannan makabartu, reshensa kan karye ba sanarwa. Ranar iska mai ƙarfi ka zauna a gida. Na taɓa ja da baya ido na kan kyamara, ina neman faɗin hoto, ƙafata ta zurma har gwiwa a wani rami da tsiro ya rufe. Ban karye ba, amma mako biyu ina ɗingishi. Tun daga ranar ba na taka ko taku ɗaya da baya sai na waiwaya. Ka tsaya a kan hanya ko inda kake ganin ƙasa, kuma ka gaya wa wani inda ka tafi. A ƙasashe masu zafi ka ƙara da tunanin maciji: kada ka sa hannu a tsagar dutse.

Duwatsu da rubutunsu

Yanzu ka fito da kyamara, ka fara da abin da ba ya gudu. Ka saita ta a kan RAW, wato tsarin da ke ajiye hoto ɗanye ba tare da kyamara ta gyara shi ba, idan tana da shi, domin koren ganye yana rina hasken da ke ƙasansa, farin dutse ya fito kamar marar lafiya, kuma gyaran launi ya fi sauƙi a RAW. Ƙofar haske, wato ramin da haske ke shiga ta cikinsa, ka sa ta a f/8, ISO kuma, wato ƙarfin kyamara na karɓar haske, ƙasa-ƙasa idan kyamara na kan ƙafa, ka sa mata jinkirin daƙiƙa biyu don kada latsawa ta girgiza ta. In a hannu take, kada saurin shata, wato saurin buɗewa da rufewar kyamara, ya gaza adadin tsawon gilashin: gilashin 50, aƙalla 1/60 na daƙiƙa.

Kyamara tana ƙoƙarin mayar da komai ruwan toka. Idan farin mabul ya cika fuska za ta rage haske ya fito da datti, sai ka ƙara mata kamar mataki ɗaya. Idan duhun ganye ne ya cika fuska da ɗan farin mutum-mutumi a tsakiya, za ta ƙara haske har fuskarsa ta ƙone, sai ka rage. Inda bambancin ya yi yawa, ka ɗauki uku, ɗaya daidai, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. A waya ma haka ne: ka taɓa dutsen a allo, ka ja hasken ƙasa kaɗan.

Rubutun da ya dusashe yana fitowa ne idan haske ya zo masa daga gefe, ya goge fuskar dutsen, kowane harafi ya cika da inuwa. Dutsen da ke kallon gabas, lokacinsa hantsi ne gab da rana ta bar fuskarsa. Mai kallon yamma kuma jim kaɗan bayan ta karkata. In ba za ka iya jira ba, ka riƙe madubi ko farin kwali a gefe ka harba hasken a kwance, ko ka yi haka da tocila a cikin inuwa. Za ka sha mamakin sunan da zai fito daga dutsen da ka ɗauka sumul ne. Abin da ba a yi shi ne goga alli, ko kumfar aski, ko gari, ko kankara da burushin ƙarfe, ko zuba sinadarin wanki. Duk waɗannan suna shiga ramukan dutse su ci shi. Kuma kada ka fizge tsiron da ya manne, yakan taho da fatar dutsen da haruffan duka. In ganye ɗaya ya rufe harafi, ka karkata kanka.

Da sannu za ka fara gane duwatsun. Mabul yana narkewa a ruwan sama mai tsami har fuskarsa ta koma kamar sukari. Dutsen yashi yana ɓarewa falle-falle. Sileti yana riƙe rubutu tsaf bayan shekara ɗari biyu, giranit kuwa kamar jiya aka kafa shi. Sassaƙen ma magana suke yi: ginshiƙin da aka sassaƙa a karye yana nufin rayuwar da ta katse da wuri, fitilar da aka kifa rai ne da ya mutu, hannaye biyu a riƙe ban kwana ne, anga kuma fata ne ko alamar matuƙin jirgin ruwa.

Sai ka matsa kusa, kusa ƙwarai, har hancinka ya kusa taɓawa. Waɗannan tabbai masu ruwan ɗorawa da toka da kore a jikin dutse, masu kama da kyasbi, suna da rai. Masana na kiransu laiken, haɗin gwiwa ne tsakanin fangas da gansakuka, ɗaya na ba da gida ɗaya na dafa abinci da hasken rana. Wasu ba sa ƙara fiye da milimita ɗaya a shekara, don haka tabo mai faɗin tafin hannu na iya girme ka. Kowane irin dutse da nasa, kuma gefen da rana ke bugawa daban da na inuwa. Ka duba ƙarƙashin haruffan da aka cike da dalma: sau da yawa za ka ga wani zane fes ya gangaro inda ba abin da ya tsiro, saboda ruwan da ya wanko ƙarfen guba ne a gare su. Ka daidaita kyamara ta fuskanci dutsen sak, f/11, ka sa harafi ɗaya ko shekara ɗaya a cikin fuskar. Hotunan da na fi so a duk abin da na ɗauka, da yawansu ba su wuce faɗin katin waya ba.

A babban hoto kuma, maganin hargitsi shi ne ragewa. Ka zaɓi abu ɗaya, ka ja baya ka zuƙo shi da dogon gilashi, bayansa ya narke. Ka bar hanya ta ja ido zuwa ciki. Ka durƙusa, daga tsaye kowa ke ɗauka. Ka cire sama daga fuskar idan fara ce fat.

Zaman jira

Ka koma wurin dutsen nan mai farin kashi. Ka nemi inda za ka zauna a ƙasa, a gefen hanya, taku goma zuwa goma sha biyar daga gare shi, rana a bayanka ko a gefenka, iska na busowa daga wajensa zuwa gare ka. Ka jingina da itace don kada siffarka ta fito fili. Ka duba abin da ke bayan dutsen: kana son duhun ganye mai nisa, ba reshe da zai fito kamar ya tsiro daga kan tsuntsun ba. Ka saita komai tun kafin ya zo. Saurin shata 1/500 ga wanda ke zaune, 1/1600 ko fiye ga mai tashi. Ƙofar haske a buɗe iyakarta. ISO ka bar shi ya hau da kansa har 3200 ko 6400. Hoto mai ɗan yashi-yashi ana gyara shi, mai girgiza sai shara. Ka kashe duk wani sauti na kyamara da na waya. Ka saita gani a saman dutsen, ka ɗora gwiwar hannu a kan gwiwa, ka yi shiru.

Minti goman farko ba abin da zai faru, domin shigowarka ta riga ta watsa kowa. Wajen minti ashirin daji ke mantawa da kai. Za ka fara jin motsi a cikin busasshen ganye, kurege ya sauko, wani ɗan tsuntsu ya leƙo. Ranar da na fi tunawa, na yi kusan awa ɗaya a gaban wani gicciye da ya karkata, ƙafata ta yi sanyi har ba na jin ta, ina shirin tashi ke nan sai ga wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji ya sauka a kan hannun gicciyen, da tsutsa a baki tana lilo. Ya kalle ni da ido ɗaya, ya juya ya kalle ni da ɗayan. Daƙiƙa huɗu ko biyar ya yi. Da a lokacin zan fara ɗaga kyamara ina neman saiti, da sai dai labari.

Idan ya zo, ido za ka sa wa saiti, kuma ka jira ɗan ƙyallin haske a cikinsa, shi ke sa hoto ya yi rai. Ka ɗauki 'yan kaɗan a jere ka tsaya. Kada ka cika fuskar da tsuntsun. Irin wannan hoton ana samunsa a kowane lambu. Ka bar dutsen, da rubutun, da tsiron da ya naɗe shi, su ne suka kawo ka.

Yanyawa sai da yamma liƙis ko da sassafe, ko da yake ta birni takan kwanta shan hantsi a kan shimfiɗaɗɗen kabari a lokacin sanyi. Kada ka nufe ta kai tsaye, kada ka zuba mata ido. In ta tsaya ta kafe ka da kallo, ko barewa ta ɗaga kai ta daina kiwo, ka yi kusa da yawa. Ka tsaya cik ko ka ja baya. Ba a ba su abinci don su matso. Dabbar da ta saba karɓa daga hannun mutum ƙarshenta ba ya kyau. Haka nan ba a kunna kukan tsuntsu a waya don a kira shi, musamman lokacin ƙyanƙyasa, yana barin sheƙa ya zo neman abokin gabar da babu shi. Manhajar Merlin za ta iya gaya maka mai kukan ba tare da ka dame shi ba. In ka ga sheƙa ka wuce. Mujiya da jemage ba a haska musu filasha, kuma a Birtaniya damun jemage a makwancinsa laifi ne a doka.

Ranar da manya suka ƙi fitowa, ka koma kan ƙanana. Tsiron nan mai yaɗo da ake kira aibi, wanda ya rufe rabin kaburburan Turai, yana fure ne daga Satumba zuwa Nuwamba lokacin da sauran furanni sun ƙare, sai ka tarar da shi yana amo da ƙudan zuma da ire-irensu. Ruɓaɓɓen gungume gida ne na ƙwari da yawa. Kada ka juya shi. Duhun hubbarori ma da masu shi: a 2013 an ba da sanarwar gano wani babban gizo-gizon kogo da ba kasafai ake ganinsa ba, mai suna Meta bourneti, a cikin ɗakunan kaburburan Highgate, inda ya samu duhun da yake so. Ka ɗauka daga bakin ƙofa, kada ka shiga.

Bayan ka fito

Tun a bakin ƙofa ka kakkaɓe wando, a gida kuma ka duba jikinka da kyau, bayan gwiwa, hamata, ƙugu, bayan kunne. In ka ga kaska, ka kama ta da matsefata daf da fata ka ja a miƙe a hankali, ba murɗawa, ba ƙonawa, ba shafa mai. A Turai da Arewacin Amurka tana ɗauke da cutar Lyme. Idan cikin wata guda ka ga jan tabo yana faɗaɗa a wurin, ko zazzaɓi, ka ga likita ka gaya masa kaska ta cije ka.

Wajen gyaran hoto ka sassauta hannu. Ka rage koren da ya rina dutse, ka ɗaga inuwa kaɗan, ka tsaya. Akwai ɗabi'ar mayar da duk hoton makabarta baƙi ƙirin kamar gidan fatalwa, ni ba na sonta, domin wurin da na zauna cike yake da kukan tsuntsaye. Fari da baƙi yana dacewa da sassaƙe da rubutu, amma yana kashe laiken da furanni.

Kafin ka sa a intanet, ka duba sunaye. Wanda ya rasu a 1860 ba damuwa. Wanda 'ya'yansa ke raye, ka yanke sunan ko ka ɓoye shi. Ka cire bayanin wuri daga hoton ramin yanyawa ko makwancin mujiya, domin hoto ɗaya na iya jawo mutum hamsin zuwa gindin itace guda. Sauran abin da ka gani ka shigar da shi iNaturalist da kwanan wata, masu kula da wurin suna amfani da irin wannan wajen yanke shawarar inda za a sare da inda za a bari. In ka ɗauki rubutun da ya kusa ɓacewa, ka aika wa ƙungiyar da ke kula da makabartar tare da lambar ɓangaren da yake.

Sannan ka rubuta a ɗan littafi: wane dutse, ƙarfe nawa, rana ta ina, me ya zo. Bayan wata uku ka koma wurin dutsen nan, ka zauna a gindin itacen da ka jingina, ka ɗauke shi daga inda ka ɗauka a da.